Kitson Bakin Kanal

Ke Surayya, wannan har abin tambaya ne? Yaronki ya dawo daga makaranta da shatin haƙori a kafaɗa, fitsarin safe ya bushe a wandonsa, sai ki kwaso ƙafa ki durƙusa gabana wai in gaya miki a cire shi ko a bar shi. Ni na taɓa shiga aji? Ni na kai Fatihu? Ke da mijinki kuka ƙulle ɗaki kuka yanke shawararku, kuka ɗinka masa yunifom, ba wanda ya ce Iya me kika gani. Yau da abu ya ɗaure muku kai kun tuna akwai tsohuwa a gidan.

Gyara zama. Tunda kin tambaya za ki ji. Ku kuma yara, duk wanda ya sa mini baki zan kora shi ɗaki.

Lokacin ba ki shigo gidan nan ba. Yayan mijinki, Sammani, yana zaune a bayan Kura da matarsa Rahma, ni ina nan Bunkure. Shi noman rani yake yi, albasa da tumatir. Ita kuwa gumi take yi: ta sayo shinkafa shanshera, ta jiƙa, ta turara a duro, ta shanya, a kai inji. Tsakar gidansu wuta ce da ruwan zafi tun daga hantsi har la'asar. 'Yarsu ɗaya a lokacin, Mubina, ba ta cika shekara uku ba. Wata rana ana sauke duro ta rarumo zanin uwarta, tafasasshen ruwa ya wuce ta gefen ƙafarta da kaɗan. A ranar Sammani ya rantse sai ya sa ta makarantar nazare.

Na ce a kawo mini ita Bunkure. Ya ce Iya zamani ya canza, 'ya'yan birni tun kafin yaye suke jin Turanci. Na ƙyale shi, don ni ba na maimaita magana.

Makarantar, wani ɗan kasuwa ne mazaunin birni ya buɗe ta a tsohon ɗakin ajiyar albasa. Ya shafa fenti, aka zana giwa da ayaba a bango, ya ɗauki budurwa ɗaya, Anti Nafisat, ya danƙa mata yara cike da ɗaki, ya koma birni abinsa. Bayan ɗakin da 'yar tafiya babban kanal ne na ban-ruwa, wanda wata rana za ki gan shi a bushe har ƙasa ta tsage, wata rana kuma a sako ruwa ya cika shi har baki.

Da farko lafiya lau. Sai aka shiga ɗibar tumatir, yarinya ta fara dawowa da takalmi ƙafa ɗaya. A saya wani, ya sake ɓata. Gefen rigarta kullum da danshi. Rannan kuma ta dawo da kitso.

Rahma ba ta da lokacin kitso, tufke gashin take yi da roba ta tura ta. Amma ga kai ya dawo a kitse, ƙanana sirara, tsaga a miƙe kamar an ja ta da zare, irin kitson da ko a gidan biki ba a ganinsa. Matan da ke taya ta gumi suka taru suna jujjuya kan yarinya, suna cewa lallai wannan Anti 'yar albarka ce. Rahma ta auna shinkafa mai kyau ta aika mata. Anti Nafisat ta karɓa ta yi godiya, ba ta tambayi ta mece ce ba.

Duk bayan 'yan kwanaki sai kitso ya sake salo. Sai dai in Rahma ta kwanta kusa da yarinyar, ƙarnin gansakuka take ji a kanta, ba ƙamshin man kitso ba. In an tambaye ta me aka koya musu yau, ba ta waƙa, ba ta ƙirga, sai ta ce Inna ta ce kada ta taka wurin santsi. Wace Inna? Sai ta nuna bayan gari da leɓe.

Nan rigima ta tashi a ɗaki. Rahma ta ce hankalinta bai kwanta ba, a cire yarinyar. Sammani ya ce ta nuna masa wata makaranta a duk faɗin Kura da ake yi wa yaro kitso kyauta. Ya ce in an cire ta ina za a ajiye ta, kusa da duro? Rahma ita ma ba ta manta da ruwan zafin nan ba. Su kwana ba sa magana, gari ya waye a sa wa yarinya yunifom.

Za ki ce me ya hana Rahma ta je ta gani da idonta, ga makaranta ba nisa. Kunya. Mubina 'yar fari ce. Rahma irin matan nan ne da aka yi wa tarbiyyar da: ba ta ɗaukar 'yar fari a gaban mutane, ba ta yi mata wasa, sunanta ma bai taɓa fita daga bakinta ba. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Ta yafa mayafi da rana tsaka ta tafi leƙen 'yar fari a makaranta? Matan gumi za su yi wata guda suna yi mata dariya, su ce ta zubar da kunya. Sai ta zauna tana hura wuta.

Wata ranar Alhamis da yamma, an kwashe shanya, an kashe wuta, hayaƙin ɓuntu yana kwance a tsakar gida bai tashi ba. Kaji sun shige akurki. Injinan ban-ruwa da ke kuka a gonaki tun safe suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Rahma ta gaji da ƙarnin nan, ta zaunar da yarinya tsakanin ƙafafunta, ta ɗauko kibiya za ta tsefe kan ta wanke.

Ta sa kibiya a jelar kitso na farko, kibiya ta karye.

Ta ɗauko tsinke, shi ma ya karye. Ta sa farce, ta ji kitson da sanyi kamar an tsamo shi daga randa. Daidai nan wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, tim, ya mirgino ƙasa. Sammani da ke alwala ya ɗauka 'yan unguwa ne, ya leƙa waje, ba kowa a lungu. Ya dawo ya haska. Curin laka ne, baƙa, jiƙaƙƙiya, da ganyen kainuwa manne a jiki. Ana tsakiyar rani, ƙasar unguwar nan ko an haƙa ba a samun danshi.

Daga ranar, magariba ba ta sake faɗuwa lafiya a gidan ba. Da rana ta yi ja sai laka ta fara sauka, ba da gaggawa ba, ɗaya, a jima, wata. Ranar Asabar abin da ya faɗo ba laka ba ne, takalmin yarinyar ne da ya ɓata tun farkon ɗiba, ruwa yana ɗiga daga jikinsa. Washegari wani ya faɗo. Haka aka dawo musu da takalman nan kaf, waɗanda saboda su Sammani ya sha tsula wa yarinya tsumagiya.

Sannan aka fara kira. Daga bayan katanga, ta wajen da kanal yake, muryar mace mai kauri, tana jan sunan yarinyar a hankali yadda uwa ke kiran ɗanta cin tuwo. Ko me Mubina take yi sai ta ajiye, ta miƙe ta nufi zaure. Sai an riƙe ta. Ba ta kuka, ba ta fisga, sai dai ta tsaya tana fuskantar ƙofa har a idar da sallar isha. Ta daina amsa wa kowa a gidan. A yi mata magana ta bi mutum da ido kamar baƙo.

Duk da haka, kin san me ɗan nawa ya ce? Wai maƙiya ne suke yi masa hassada don 'yarsa tana boko. Ya ci gaba da ɗora ta a babur kullum safe. Da abin ya ishe shi sai ya ce kitson ne matsala, ya sayo reza zai aske kan gaba ɗaya. Ya dafa kan yarinya, ya kawo reza kusa da goshi. Ta ɗago ta dube shi.

"Ajiye," in ji ta.

Muryar ba ta yarinya ba ce. Muryar bayan katanga ce.

Sai a sannan aka tuna da ni. Ban tsaya yi masa faɗa a waya ba, na adana shi. Na ɗauki shatar adaidaita na biya Dawakin Kudu na ɗauko Malam Jaji, wanda tun zamanin mahaifinsu na san shi. Ba mai yawan magana ba ne, ba ya kuma zuwa da tarkace, carbinsa kawai da 'yar butar ruwa.

Mun iso bayan la'asar. Maƙwabta sun cika zaure. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da yarinya, ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi, inuwar katanga tana tsawo tana cin tabarmar. Ba iska, amma toka tana motsi a murhu. Can sai Mubina ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta dafa gwiwa, ta yi ajiyar zuciya.

"Ya isa, Malam. Ba sai ka ƙona ni ba, ni ma ina sallah."

Ya tambaye ta suna, ta ce Saude. Ta ce tun ba a haƙa kanal ba take wurin, a gindin wata tsamiya da aka sare, yanzu tana ƙarƙashin gada. Ya ce me 'yar mutane ta yi mata. Sai ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce ya tambayi mutanen me suka yi wa 'yarsu.

Ta ba da labari, mu muna tsaye kamar an dasa mu. Ta ce tun da aka fara ɗibar tumatir, da hantsi ya yi sai malamar ta jawo ƙofa ta tokare da dutse, ta tafi gona aikin ɗiba, ba ta dawowa sai dab da tashi. Manyan cikin yaran su ture ƙofa, duk su gangara kanal. Ita ce take kora su daga wurin santsi. Ranar da aka sako ruwa wannan ta zame ta faɗa, ruwa ya tafi da ita har ƙarƙashin gada.

"Da gashinta na kamo ta. Na matse mata riga, na shanya ta a kan kankare, na zauna ina jiran uwarta ta zo da kururuwa. Ba wanda ya zo. Gashin ya hargitse a hannuna, na kitse shi. Na ce in sun ga kitso za su tambaya wa ya yi. Na sake wani, na sake wani. Sai na ji an kai wa wata shinkafa."

Sammani ya sunkuyar da kai. Ta juyo gare shi da idon 'yarsa, ta ce shi kuma mai reza, ya ji daɗin dukan yarinya a kan takalmi, bai taɓa tambayar kansa a ina takalmi ke jiƙewa ba. Ta ce ita ta tsamo, ita ta wanke, ita take yini da ita, saboda haka yarinyar tata ce, yau da magariba za ta tafi da abarta.

Malam bai yi fushi ba. Ya ce ceton da ta yi Allah Ya ba ta lada, kuma gidan nan ba su da bakin gode mata. Amma 'yar Adam ce, ba ta rayuwa a ƙarƙashin gada, ɗaukar ta zalunci ne, kuma ta san abin da ke hannunsa in ta ƙi. Ya ce ta faɗi tukuicinta. Ta ce ba ta son turare, ba ta son jinin komai. Ya koma karatu, jikin yarinya ya ɗauki rawa, ni kuwa ina kallon rana ta taɓa kan katanga. Sai ta ɗaga hannu.

"To, ta kira ta."

Malam ya ce wa?

"Uwar. Ina jin duk abin da ake faɗa a gidan nan, ban taɓa jin sunan yarinyar a bakinta ba. Ni kullum ina kira tana amsawa. Ta kira ta da sunanta, a gaban kowa. In ta amsa mata, na tsefe kitsona na tafi. In ba ta amsa ba, ni zan kira."

Yarinya ta yi laƙwas a kan tabarma, ido a buɗe, ba ta kallon kowa.

Kowa ya juya ga Rahma. Ga mijinta, ga Malam, ga maza a zaure, ga ni uwar mijinta. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Wallahi 'yarta tana kwance ana shirin tafiya da ita, matar nan ni take satar kallo, wai kada in ce ba ta da kunya. Ban san lokacin da na fisge mayafin ba.

"Me kike kallona? Ni na haifa miki ita? Kunya a gidan suna ake yin ta. Buɗe baki ki kira 'yarki."

Ta kira, can ƙasa, ko ni da ke kusa da ƙyar na ji. Yarinya ba ta motsa ba. Ladan ya gyara lasifika a masallacin unguwa. Curin laka ya faɗo a kan kwano. Daga bayan katanga muka ji an ja numfashi, irin na wanda zai yi kira mai tsawo, yarinya kuma ta fara yunƙurin tashi.

Nan Rahma ta zube a kan tabarma, ta rungumo ta ta ɗora a cinya, abin da ba wanda ya taɓa gani ta yi, ta kwantsama kira har sai da kaji suka firgita a akurki.

"Mubina! Mubina, ni ce. Mubina, dube ni."

Sannan yarinya ta juyo da kai a hankali, ta kalli fuskar da ke kanta kamar tana neman inda ta san ta.

"Na'am, Umma."

Muna kallo kitso ya fara warwarewa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga goshi, ruwa yana bin wuyan yarinya yana jiƙa zanin uwarta. Da ya zo ƙeya sai ya tsaya, saura guda ɗaya siriri. Muryar ta zo daga bayan katanga, ta riga ta yi nisa.

"Wannan tukuicina ne, kada a taɓa. Na cire hannuna daga kan 'ya'yanku duka. Gobe akwai ruwa."

Aka kira sallah. Laka ba ta sake faɗowa ba.

Da safe Sammani ya tashi da fara'a, wai alhamdu lillahi an rabu da masifa. Har yana cewa zai nemi mai makaranta a waya a sa kwaɗo a ƙofa, in an gyara sai yarinya ta koma. A nan na sauke masa faɗan da na adana, tas, a gaban matarsa. Na ce ya sa hularsa ya wuce gaba, kunnensa bai ji abin da aka faɗa jiya ba ne?

Muka isa kafin azahar. Ƙofa a wangale, dutse a gefe, ɗaki ba kowa sai kulolin abinci da ƙudaje. Muka zagaya baya. Ga su can a cikin busasshen kanal, 'yan mitsi-mitsi da yunifom, suna tsintar katantanwa, wani ma barci yake a ƙarƙashin gada. Ina tsaye na ji ƙasa tana gunji ta wajen yamma. Sammani ma ya ji, shi da ya yi shekaru yana ban-ruwa ya san ko mene ne. Ya dira ciki da takalminsa, yana cafko su yana miƙo mini, ina jefa su bayana kamar damin albasa. Da ya ɗauko na ƙarƙashin gada ruwa ya kai masa gwiwa. Da ya hauro, ruwan ya wuce inda kan yaron yake.

Anti Nafisat ta sheƙo daga gona da kwando a ka, tana kuka tana cewa ita kaɗai ce, mai makaranta ko leƙowa ba ya yi. Na gaya mata abin da ya sawwaƙa, amma ban ƙarar da fushina a kanta ba. Na sa yaran nan a gaba kamar awaki, gida gida, duk uwar da na miƙa wa nata sai na tambaye ta yaushe rabon da ta taka makarantar da rana. Ba ɗaya da ta iya dubana. Gidajensu ga su ga ɗakin, ko ruwa aka ɗora kafin ya tafasa an je an dawo.

Mubina a ranar na taho da ita Bunkure, ba wanda ya ce uffan. Da ta yi wayo ta koma wurin iyayenta aka sa ta wata makarantar, ban hana ba, ni ba gaba nake da karatu ba. Amma Rahma takan ajiye gumi a kan wuta, da ɓuntu a zaninta, ta faɗa makarantar ba sallama ba sanarwa, ta tsaya a bakin aji ta kira sunan 'yarta da ƙarfi. Mata suna yi mata dariya har gobe. Su yi ta yi.

To ke ma na lura da ke, Surayya. Tun da kika zauna "yaron nan" kike ta cewa. Sunansa Fatihu. Gobe ki kai shi kamar kullum, kada ki gaya wa mijinki, kada ki buga wa malamar waya. Rana na take tsaka ki yafa mayafi ki je ki tura ƙofa. Ki ga wa ke ɗakin, wa ke riƙe da shi, ki kira shi ki ga ta inda zai fito. Abin da idonki ya gani shi zai gaya miki a cire ko a bari, ba ni ba. In kuma kunya ta hana ki, kada ki sake kawo mini maganar.

Kai Sada, sauke hannunka daga ƙeyar Mubina kafin in karya shi. An ce maka kada a taɓa, kurma ne kai? Ke kuma Mubina, ɗaura ɗankwalinki. Ku tashi ku ba ni wuri, kowa ya yi fitsari ya yi addu'a ya kwanta. Wanda na sake jin motsinsa, ni da shi ne.